Dogara Mahauci da Jar Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu maiƙo a baki!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso kusa. Kai Ɗanjuma, ajiye ƙashin nan haka, tun ɗazu kake tsotsarsa kamar gadon ubanka ne. Ina kallonku ɗazu kuna dambe a kan tsoka ɗaya, shi ya tuno mini da wannan. Wanda ya san shi matsoraci ne ya kama bakin zanena tun yanzu, kada in yi nisa wani ya tsula mini fitsari a tabarma.

An yi wani mahauci, sunansa Dogara. Fawa gadonsu ce tun kaka da kakanni. Da ubansa zai mutu, sai ya kira shi ya miƙa masa wuƙa, ya ce, "Dogara, ga wuƙa, ga kuma magana uku. Dabbar da za ka yanka, ka ba ta ruwa. Ka ɓoye mata wuƙa. Kada ka yanka wata a gaban wata."

Dogara ya ce, "Na ji, Baba." Ya kuwa riƙe maganar nan gam, har ranar da ya ƙulla abota da Anaruwa.

Shi Anaruwa dillalin dabbobi ne. Kai, Allah ya yi wa mutumin nan baki! Zai sayar maka da akuyarka ta gida, ka karɓa kana yi masa godiya. Ga son nama kamar kura, aljihunsa ba ya rabuwa da kilishi.

Wata ranar kasuwa Anaruwa ya jawo wa Dogara wata jar akuya da ɗanta, ɗan bunsuru mulmul, ko yaye shi ba a gama ba. Dogara ya saya. Rana ta fara ɗagawa, masu tsire sun hura wuta suna ta kiran nama. Dogara ya ɗaure uwar a turke, ya ɗauki ƙwarya ya nufi rijiya.

Anaruwa ya ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Ruwa zan ɗebo wa ɗan bunsurun nan."

Anaruwa ya ce, "Ruwa? Surukinka ne? Kasuwa tana ci kai kana hidimar baƙi!"

Dogara ya ji kunya, ya ajiye ƙwarya. Ya ɗauki wuƙa zai zaga bayan rumfa ya wasa ta.

Anaruwa ya ce, "Ga dutse nan a gabanka. Surukinka ne da za ka ɓoye masa wuƙa?"

Dogara ya tsuguna ya wasa wuƙa a nan, ƙyaras, ƙyaras, ƙyaras, ɗan bunsuru yana kallo yana karkarwa. Da ya gama, ya miƙe zai kwance uwar ya kai ta nesa.

Anaruwa ya ce, "Haba Dogara, akuya ce fa! Me ta sani? Surukarka ce?"

Haka Dogara ya kayar da ɗan bunsuru a gaban uwarsa, ya yanka. Ɗan ya yi kuka ɗaya. Ita kuwa uwar ko ƙala ba ta ce ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ja igiya ba, ta dai kafe shi da ido. Yana fiɗa tana kallo. Yana rabawa tana kallo. Ya ware kai da ƙafa da kayan ciki ya aika wa matarsa Gwamma, ya ce a yi wa yara farfesu, duk tana kallo. Sai da ya juyo kanta da wuƙa, sannan ta fizge, igiya ta tsinke ɓas, ta yanki daji.

Anaruwa ya ce, "Bi ta! Dukiyarka ce!"

Suka bi ta. Ta wuce gonaki, suna bi. Ta tsallake fadama, suna bi. In sun gaji sun tsaya, ita ma sai ta tsaya ta waiwayo, guntun igiya yana reto a wuyanta. Rana ta take, lokacin nan da inuwar mutum take ɓuya a ƙarƙashin ƙafarsa, lokacin da mai hankali ba ya shiga daji. Dogara ya lura ba kukan tsuntsu, ba motsin ƙadangare, ko iska ba ta kaɗawa.

Ya ce, "Anaruwa, mu koma. Akuyar nan ba gudu take yi ba. Janmu take yi."

Anaruwa ya ce, "Mahauci da tsoron akuya? Kada ma wani ya ji."

Bai rufe baki ba suka faɗo wani fili, a tsakiyarsa wata ƙatuwar kuka. Jama'a, abin da suka gani! Duk dabbobin duniya suna zaune a gindin kukar nan, na gida da na daji. A dama masu cin ciyawa: saniya, ɓauna, barewa, tinkiya. A hagu masu cin nama: zaki, damisa, kura, ga ungulaye jere a kan rassa. A tsakiya wani tsohon Kunkuru a kan tushen kuka, bayansa duk ya tsattsage don tsufa. Jar akuya ta ratsa ta shige cikin nata mutanen.

Dogara ya juya zai gudu. Sai ya ga Kura ta riga ta zago, tana zaune a kan hanya tana dariya.

Kunkuru ya ce, "Ku ƙaraso, 'yan Adam. Kun zo a kan gaɓa. Shekara-shekara muke taruwa a nan a kan magana ɗaya: cin nama daidai ne, ko ba daidai ba? Kuma dokar gindin kukar nan ita ce, ranar taro ba mai taɓa ɗan taro, ba mai taɓa ɗan da ya haifa."

Kura ta lashe baki ta ce, "Amma ɗan Adam ba ɗan taro ba ne, ranka ya daɗe."

Kunkuru ya ce, "Haka ne. Amma dakata, a ji ta bakin kowa."

Saniya ta miƙe ta ce, "Ni maganata ba ta canza ba. A bar cin nama. Ga ciyawa, ga ganye, ga 'ya'yan itace, duniya cike da abinci. Wanda yake da jini, yake jin tsoro, yake kiran uwarsa, don me za a mayar da shi miya?"

Kura ta wage baki ta ce, "Yaya Saniya, leƙa nan. Da wanne haƙorin zan tuƙa ciyawa? Ni na ƙera su? Shekarar fari na gwada cin ganye, sai da na kusa zawo da hanjina. In laifi ne, a tambayi wanda ya halicce ni da yunwa."

Kuna dariya ko? To Dogara bai yi ba.

Sai aka ji wata 'yar siririyar murya daga ƙasa, daga ƙarƙashin kofaton Saniya, tana cewa, "Ni fa? Ni Ciyawa, wa ya taɓa tambayata? Da raina ake tsinke ni, da raina ake tauna ni. Don ba ni da bakin ihu shi ne na zama halal?"

Saniya ta ce, "Ke in an yi ruwa kya tohu. Ɗana da aka yanka bara, ya tohu?"

Sai Zaki ya yi gyaran murya ya ce, "In muka daina cinku, ku cika daji, ku cinye Ciyawa har saiwa, yunwa ta kashe ku gaba ɗaya."

Barewa ta ce, "To ka bar yunwar ta kashe mu mana. Wa ya roƙe ka taimako?"

Nan fa wuri ya kaure, masu ƙaho suna kaɗa ƙaho, masu farce suna tonon ƙasa. Kunkuru ya buga bayansa a tushen kuka, ƙwas, kowa ya yi shiru.

Ya ce, "Kullum a nan muke tsayawa. To yau ga ɗan Adam, shi ne yake cin ganye yake cin nama. Shi zai raba mana gardama. In ya ce cin nama daidai ne, to shi ma nama ne, Kura ta ɗauka. In ya ce ba daidai ba ne, to jinin da ya zubar yana wuyansa, ɓauna ta rama wa 'yan'uwanta da ƙaho."

Gaba kura, baya sayaki! Shi kuwa Anaruwa ya gyara hula, ya murmusa, ya raɗa wa Dogara, "Kai tsaya ka ga aikin baki."

Ya fito ya zube gaban Kunkuru ya ce, "Allah ya ja zamanin alƙali! Ni ai wannan shari'a ba ta shafe ni ba. Ni ɗan ɓangaren dama ne. Tun da uwata ta haife ni nama bai taɓa ratsa maƙogwarona ba. Daga tuwo sai miyar kuka, daga rama sai zogale. Ko ƙamshin tsire na ji sai in kama amai. Wancan ne mahauci, ni biyo shi na yi ina yi masa wa'azi. Ku sa ni a cikin 'yan taro, ga yayata Saniya nan."

Dogara ya dube shi, bakinsa a buɗe.

Saniya ta ce, "Ƙanena ne kai? To matso in sansana ka."

Anaruwa ya matsa. Ta sansana kansa. Ta sansana hannunsa. Da ta kai ƙafarsa sai ta tsaya. Ta daɗe a nan, sannan ta ɗago, idanunta sun kaɗa.

Ta ce, "Takalmin nan fatar ɗana ce. Ga tabon da ƙaya ta yi masa."

Anaruwa ya ce, "Aro na yi! Wallahi aro na yi!" Ya ja da baya da sauri, ya yi tuntuɓe da saiwa, ya faɗi. Kilishi ya zubo daga aljihunsa, jajir da yaji, a gaban kowa.

Kunkuru ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dama ba ta san shi ba. Hagu fa?"

Kura ta ce, "Hagu ta san shi sarai."

Dogara ya yi ihu, "Kada ku yi a gabana! Don Allah ku kai shi bayan kuka!"

Kura ta waiwayo ta ce, "Surukina ne kai?"

Nan Dogara ya gane jar akuya ta kwashe labarin safe kaf ta faɗa musu. Ya so ya rufe ido, ido ya ƙi rufuwa. Anaruwa ya yi kuka ɗaya. Ba zan gaya muku sauran ba, kada ku kasa barci. Abin da ya rage a wurin dai hula ce da takalmi ƙafa ɗaya. Baki shi ke yanka wuya.

Aka kamo Dogara. Biri ya kwance guntun igiyar nan daga wuyan jar akuya, ya zarga masa a wuya, ya ɗaure shi a wani kututture a tsakiyar rana. Kura ta jawo dutse ta ajiye dab da fuskarsa, ta tsuguna ta fara wasa haƙora. Ƙyaras, ƙyaras, ƙyaras.

Dogara ya ce, "Ki yi wa Allah, ki juya baya."

Ta ce, "Surukina ne kai?" Ƙyaras, ƙyaras, ƙyaras.

Yana jin warin bakinta. Ya ja igiya, igiya ta shaƙe shi. Ya tuna Gwamma da yara suna can suna jiransa. Ya tuna ɗan bunsuru yana karkarwa da safe, ya ce a ransa, ashe haka abin yake.

Kunkuru ya ce, "Mahauci, muna sauraro. Daidai ne, ko ba daidai ba?"

Dogara ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Gudu da rana da tsoro sun busar da shi, harshensa ya manne a ganɗa. Da ƙyar ya iya cewa, "Ruwa."

Kunkuru ya ce, "Akwai mai ba shi ruwa?"

Ya dubi hagu, ba wanda ya motsa. Ya dubi dama, Saniya ta kau da kai, ɓauna ta huci ƙasa. Dogara ya sake cewa, "Ruwa." Shiru. Ya faɗa na uku, muryar ko fita ba ta yi, ya kife a ƙasa.

Sai ya ji takun kofato, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana matsowa. Ya ɗaga ido. Jar akuya ce tsaye a kansa. Hantsarta ta cika ta kumbura, nono yana ɗiga a ƙasa, don tun safe ba mai sha.

Ta ce, "Ba ni da ruwa. Ga wannan. Na ɗana ne, ka san inda yake."

Wayyo, 'ya'yana! Da ƙasa za ta tsage da Dogara ya shige. Amma ƙishirwa ba ta san kunya ba. Ya kama ya sha, yana sha yana kuka, har ya ƙoshi.

Kunkuru ya ce, "Maƙogwaro ya jiƙu. Faɗi."

Dogara ya ce, "Ranka ya daɗe, da safe na sani. Da ka tambaye ni da safe da na ba ka amsa ina dariya. Yanzu ban sani ba. Ina da 'ya'ya masu jin yunwa, ita ma tana da ɗa. Ban sani ba."

Kura ta ce, "Ban sani ba ai ba amsa ba ce! Wanda bai zaɓa ba, na zaɓa masa!" Ta yi tsalle.

Jar akuya ta sha gabanta, ta kafa ƙafafu, 'yar wannan akuya a gaban wannan ƙatuwar kura. Ta ce, "Wa zai taɓa ɗana a gindin kukar nan?"

Kura ta ci birki har ta kusa kifewa. Ta ce, "Ɗanki? Wannan ƙaton mai gemu?"

Akuya ta ce, "Kowa ya ga ya sha nonona. A gidan 'yan Adam na tashi, na san al'adarsu. Wanda ya sha nonon mace ɗanta ne, 'ya'yanta 'yan'uwansa ne. Ko ƙarya na yi, mahauci?"

Dogara ya ce, "Gaskiya ne, Inna."

Kura ta ce, "Wannan ai na jarirai ne! Zalunci ne! Na wasa haƙorana a banza?"

Kunkuru ya ce, "Nono bai san gemu ba. Ɗan 'yar taro ne. A kwance shi. Gardama kuma tana nan, sai baɗi."

Kura ta yi ta birgima tana cizon ƙasa, amma doka doka ce. Aka kwance Dogara. Jar akuya ta wuce gaba, ya bi ta a baya, ba ya ko waiwaye, yana jin idanun nan duka a ƙeyarsa. Da suka tsallake fadama ya tsaya ya ce, "Inna, me ya sa kika cece ni?"

Ta ce, "Kada ka zaci sonka nake yi. Da Kura ta cinye ka, da ka huta. Ni so nake ka rayu kana sane da abin da kake ci. Mu je gida, ai kai ka saye ni."

Suka iso gida rana ta yi sanyi. Tun daga zaure ƙamshi ya tare su. Gwamma ta fito da akushi tana cewa, "Maigida, ina ka shiga haka? Yara sun ƙi cin komai, wai sai Baba ya zo ya raba musu nama. Ga farfesun ɗan bunsurun nan na safe, ya yi laushi kamar me."

Ta buɗe akushi. Ga kan nan a sama, tururi yana tashi. Yara suka kewaye shi da 'yan kwanoninsu, ƙaramar cikinsu tana haɗiyar yawu tana cewa, "Baba, ni kunne." Jar akuya kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

Dogara ya dubi kan nan. Ya ce, "Gwamma, wannan ƙanena ne."

Gwamma ta ce, "Innalillahi! Rana ce ta buge ka?"

Ya ɗauki akushin zai je ya binne. Yara suka fashe da kuka. Ya tsaya a tsakar gida, akushi a hannu, ga kukan 'ya'yansa a nan, ga idon akuya a can, ya rasa inda zai sa ƙafa.

Sai akuya ta yi magana a hankali, shi kaɗai ya ji. Ta ce, "Ba su su ci. An riga an yanka, zubarwa ba za ta tayar da shi ba, kuma su ba su yi mini komai ba. Jikokina ne yanzu. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ɗana. Kada a ci a gabana."

Dogara ya ajiye akushi ya ce wa Gwamma ta raba musu. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe wa akuya fuska, ya ja ta zuwa bayan gida inda ba a jin ƙamshi. Ya ɗebo ruwa a sabuwar ƙwarya ya durƙusa ya riƙe mata. Ta sha. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba tun safe, shi kuma ya zauna a ƙasa kusa da ita ya toshe mata kunnuwa da hannunsa, don kada ta ji yara suna fasa ƙashi.

Daga ranar nama bai ƙara shiga bakin Dogara ba. Bai hana 'ya'yansa ba, bai kuma zagi mai ci ba. Akuyar ta tsufa a gidansa, da ta mutu ya haƙa rami ya binne ta, mutanen gari suna cewa mahauci ya zare.

To kun ji. Gardamar can ta gindin kuka har yau ba a raba ta ba, ni ma tsohuwa ba zan raba muku ita ba. Amma wanda zai ci, ya san rai ya ci, kuma mai ran nan yana da uwa. A ba ta ruwa, a ɓoye mata wuƙa, kada a yanka wata a gaban wata. Kai kuma Ɗanjuma, na ga ka tura ƙashin nan ƙarƙashin tabarma, ɗauko shi ka kai wa kare.

Ƙurunƙus, kan ɗan bunsuru! Ba don jar akuya ba, da Kura ta haɗa har da mai ba ku labari.